Haɗa Babur Samfurin Kafe Resa a Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da na fara hawa babur ɗin da na haɗa da hannuna, da wuya in tsaya shan mai ba a zagaye ni da tambayoyi ba. Wani ya ce daga waje aka kawo shi, wani ya ce wane kamfani ne ya ƙera. Gaskiyar magana, tsohon babur ne da ya daɗe a jingine, na sake masa kama a tsakar gida. Tambayoyin da suka fi maimaituwa su ne na tattaro a nan, tare da waɗanda na so a ce wani ya amsa mini tun kafin in ɗauki sifana.

Mene ne kafe resa, kuma daga ina sunan ya fito?

Daga Ingila ya fito, a ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960. Samarin lokacin, yawancinsu 'ya'yan masu aikin ƙarfi, ba su da kuɗin sayen baburan tsere irin waɗanda suke gani a gasar TT ta tsibirin Man, wadda ake yi tun 1907. Sai suka riƙa sayen baburan hawa na yau da kullum, suna cire duk abin da ke ƙara nauyi, suna sauke ƙaho ƙasa, suna mayar da matakin ƙafa baya, don mahayi ya kwanta a kan tanki iska ta wuce ta kansa. Matattararsu ita ce shagunan shayi na bakin manyan hanyoyi inda direbobin manyan motoci ke yada zango, waɗanda Turawa ke kira kafe. Wanda ya fi suna shi ne Ace Cafe a kan titin North Circular a Landan: an buɗe shi a 1938, ba ya rufewa dare da rana, ya daina aiki a 1969, aka sake buɗe shi gaba ɗaya a 2001. Daga wannan kafe zuwa wancan suke tsere, sunan ke nan ya bi babur ɗin.

Burin kowannensu shi ne allurar gudu ta taɓa mil 100 a awa, wato kusan kilomita 160. Babur ɗin da ya fi cika musu wannan buri shi ne Triton, wanda babu kamfanin da ya ƙera shi. Injin Triumph suke ɗauka saboda ƙarfinsa, su ɗora a kan firam ɗin Norton mai suna Featherbed, wanda Rex McCandless na Ireland ta Arewa ya tsara, kamfanin Norton ya fara tsere da shi a 1950. Don haka tun asali kafe resa aikin gida ne, na mutumin da ya haɗa abin da yake so daga abin da ya samu.

Wane babur ya fi dacewa a fara da shi?

A Turai da Amurka tsofaffin baburan Japan aka fi amfani da su yanzu: Honda CB350 da CB550 da CB750 wanda ya fito a 1969, Yamaha XS650 da SR400, sai kuma BMW masu silinda biyu da ke leƙowa hagu da dama, irin su R80 da R100. Abin da ya haɗa su shi ne injin da iska ke sanyaya shi, kafireto, firam na bututun ƙarfe da ake iya yi wa walda, da ƙarancin wayoyi.

Shawarata ga mai farawa: ɗauki babur mai silinda ɗaya, wanda kayan gyaransa ke cikin kasuwar garinku. Babur mai silinda huɗu yana da kafireto huɗu da sai an daidaita su tare, kuma ƙaramin abu idan ya lalace sai ka yi makonni kana jiran a aiko maka daga waje.

To irin baburan da muke da su a nan za su yi?

Za su yi, musamman Honda CG125 da ɗimbin baburan China da aka kwaikwayi injinsa. Honda ta fito da CG125 a 1975 ne domin ƙasashen da mutane ke ɗora wa babur kaya kuma ba sa canja baƙin mai a kan lokaci, shi ya sa injin ke da jimiri, kuma kusan kowane makanike ya san cikinsa. Firam ɗinsa a miƙe yake daga tanki zuwa kujera, yana da shokozoba biyu a baya da wili mai sifok, abubuwan da siffar kafe resa ke buƙata ke nan. A Pakistan da Brazil ma shi matasa ke yawan juyawa zuwa kafe resa.

Wanda ba zai yi ba shi ne roba-roba, mai tanki a ƙarƙashin kujera da firam mai lotsawa a tsakiya. Babu inda za a ɗora dogon tanki sai an sake ƙera firam, wannan kuwa ya wuce aikin tsakar gida.

Me zan duba kafin in biya kuɗi?

Takardu da farko. Lambar shasi da lambar inji su yi daidai da abin da ke rubuce, kuma kada a ga alamar goga ko sake bugawa a kansu. Babur mai arha marar takarda zai iya zama na sata, kuma duk wahalar da ka sha a kansa ranar da aka kama shi ta tafi a banza.

Sai firam. Tsaya a bayan babur ka hango tayar baya da ta gaba, su kasance a layi ɗaya. Duba wuyan firam inda ƙaho ke juyawa, ko akwai tsagewa ko sabuwar walda da aka rufe da fenti. Injin da ya gaji ana gyara shi da fistin da ringi, amma firam da ya taɓa lanƙwashewa a haɗari ba ya komawa yadda yake.

Ka nemi a tayar maka da injin yana sanyi, kada ka yarda a ɗumama shi kafin ka zo. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na nufin yana cin baƙin mai. Ka taka kik a hankali ka ji ko yana turjewa, don rashin turjiya alamar matsin silinda ya ragu ne. Ka haska cikin tanki da tocila ka ga yawan tsatsa.

Na kawo shi gida. Da me zan fara?

Kada ka kwance komai. Wannan ita ce amsar da na fi so a riƙe a duk shafin nan. Ka sa babur ya tashi, ya yi tafiya daidai, birki ya kama, fitila ta kawo, a yadda kamfani ya yi shi. Canja baƙin mai, wanke kafireto, sa sabon fulogi, daidaita bawul bisa awon da littafin babur ɗin ya faɗa. Sannan ka hau shi na mako biyu ko uku.

Dalili shi ne, idan ka wargaza babur da ba ka taɓa jin lafiyarsa ba, ka canja abu goma, ka haɗa ya ƙi tashi, ba ka da hanyar sanin ko tsohuwar cuta ce ko aikinka ne ya jawo. Na ga babura da yawa da suka ƙare a cikin buhuna a bayan ɗaki, firam a wani wuri, inji a wani wuri, mai shi ya gaji ya sayar wa 'yan gwangwan. Kusan dukansu ranar farko aka kwance su cikin ɗoki.

Idan lokacin kwancewa ya yi, ɗauki hoto da wayarka kafin ka cire kowane abu. Notuna da kusoshin kowane sashe su shiga ledarsu daban, da takarda a ciki an rubuta inda suka fito.

Waɗanne kayan aiki nake buƙata?

Sifana da soket na awon milimita daga 8 zuwa 19, da manya biyu ko uku na notin taya, filaya, guduma mai kan roba, mitar gwada wuta, ma'aunin tazarar bawul, da giranda idan za a yi yanka. Sukundireban da ake buga wa guduma yana ceton kusoshin murfin inji waɗanda suka daɗe ba a kwance ba. Idan da hali ka sayi sifana mai auna ƙarfin ɗauri, saboda zaren aluminiyam na inji ba ya jure ɗaurin ganganci. Walda kuwa, idan ba sana'arka ba ce, kai wa gwani.

Me ke sa babur ya fito da siffar kafe resa ta gaskiya?

Layi guda ne. Idan ka tsaya a gefen babur, ƙasan tanki da ƙasan kujera su bi miƙaƙƙen layi ɗaya, kusan a kwance daidai da ƙasa, daga wuya har wutsiya. Duk abin da ke sama da layin, wato tanki da tudun bayan kujera, ya zama siriri. Tudun kada ya fi tanki tsayi, kuma wutsiya kada ta wuce tsakiyar tayar baya da yawa. Fitilar gaba a sauke ta ta yi kusa da tsayin tanki.

Kafin ka yanka ƙarfe, yanka kwali. Yi siffar kujerar da kwali da salatif, ɗora, koma nesa ka duba, ɗauki hoto daga gefe. Sau biyar na sake kwalin kujerata kafin idona ya kwanta da ita, kuma ban kashe ko kwabo a kan hakan ba.

Dole ne in yanke bayan firam?

Ba dole ba ne, kuma ga aikin farko na fi son a bar shi, a yi kujerar da za ta zauna a kan firam yadda yake. Idan za a yanke, to a bayan inda shokozoba ke ɗaure kawai, sannan a rufe bakin da lanƙwasasshen bututu mai kaurin na asali, a zura guntun ƙarfe a cikin mahaɗar kafin walda don ta yi ƙarfi. Wuyan firam, bututun da ke riƙe inji da mazaunin shokozoba ba wuraren taɓawa ba ne.

Akwai abin da ake yawan mantawa: taya na hawa sama idan an faɗa rami. Cire sifirin shokozoba ko ka sa mutum biyu su danne bayan babur har ƙarshe, ka ga ko taya na taɓa ƙasan sabuwar kujera. Idan ta taɓa a tsaye, a kan gudu za ta iya cijewa. Kafin walda kuma a cire batir da akwatin wutar inji, a nisantar da tanki.

Wane irin ƙaho zan sa?

Iri biyu ne. Akwai guntaye biyu da ake ɗaure kowanne a jikin ƙafar shokozoban gaba, su ne na tsere na ainihi. Akwai kuma ƙaho guda mai lanƙwasa ƙasa da gaba, wanda ke zama a mazaunin tsohon ƙaho, ya fi sauƙin sawa da arha. Ko wanne ka zaɓa, juya kan babur har ƙarshe hagu da dama ka tabbatar babban yatsanka ba ya matsewa a jikin tanki. Wayoyin kuloci da totur da birki za su yi tsawo, a rage su ko a sake musu hanya ba tare da lanƙwasa mai tsanani ba. Totur ya koma da kansa idan an sake shi, ko ta ina kan babur ya juya.

Idan ƙaho ya sauka amma matakin ƙafa na wurinsa na da, mahayi zai naɗe, gwiwa a ƙirji, baya da wuyan hannu su ɗauki nauyi. Shi ya sa ake mayar da mataki baya tare da sandar giya da ta birki. Kuma a faɗi gaskiya: wannan zama an yi shi ne don shimfiɗaɗɗiyar kwalta. Wanda hanyar gidansu ramuka ne da yashi ya sa ƙaho miƙaƙƙe mai ɗan sauka kaɗan, zai fi iya sarrafa babur.

Na ga ana cire akwatin iska a sa 'yar ƙaramar filta a bakin kafireto. In yi haka?

Nan ne mafi yawan masu haɗawa ke lalata injin da ke lafiya. Cire akwatin yana buɗe sarari a ƙarƙashin kujera, babur ya yi kyau, wannan gaskiya ne. Amma kamfani ya auna jet ɗin kafireto ne, wato ƙananan ramukan da fetur ke bi, bisa yawan iskar da akwatin ke bari ta wuce. Da ka cire shi iska ta ƙaru, fetur bai ƙaru ba, cakuɗar ta yi tsinkakke. Injin zai riƙa shaƙewa idan an murɗa totur, ya yi ta tartsatsi a salansa idan an saki, ya yi zafi fiye da ƙima. A injin da iska ke sanyayawa, cikin zafin watan Afrilu, wannan zafin na iya ƙona bawul ko ya huda kan fistin.

Maganinsa shi ne a ƙara girman jet, mataki ɗaya a lokaci guda. Ƙaramin jet ne ke kula da silo da farkon totur, allura ke kula da tsakiya, babban jet kuma daga kashi uku cikin huɗu zuwa ƙarshe. Bayan kowane canji ka yi tafiya, ka cire fulogi ka duba bakinsa. Ruwan ƙasa mai haske shi ne daidai. Fari fat na nufin mai ya yi kaɗan, baƙi mai toka-toka na nufin ya yi yawa. Abu ɗaya ake canjawa kafin a gwada, a rubuta a takarda.

Sai maganar ƙura, wadda masu haɗa babura a Ingila ba su da irinta. Ƙananan filtocin ƙarfe masu arha ba sa tare ƙurar hunturu, tana wucewa ta cinye ringi da silinda kamar sanfefa, damina kuma ruwa ya shiga kai tsaye. Ni a nawa na mayar da akwatin kamfani bayan na gwada ɗayar, na yi masa baƙin fenti na rufe shi da siririn murfi. Wanda ya nace sai ƙaramar filta, ya nemi ta soso mai kauri wadda ake shafa wa mai, ya riƙa wanke ta akai-akai.

Salansa fa?

Gajeriyar salansa mai faɗin baki ta dace da siffar, amma a bar abin rage ƙara a cikinta. Bututu tsirara yana rage ƙarfin inji a ƙananan gudu, yana buƙatar sake jet shi ma, kuma yana hana maƙwabta barci, har da marasa lafiya da jarirai. Ƙyallen da ake naɗe wuyan salansa da shi yana riƙe danshi, bututu ya yi tsatsa a ɓoye.

Yaya zan yi da wayoyi da batir?

Nemi zanen wayoyin babur ɗinka, ka bi shi launi bayan launi. Batir da fiyus ana ɓoye su a ƙarƙashin tudun kujera, a kan faranti mai shimfiɗar roba. Duk mahaɗa a yi mata dalma ko a matse ta da kan waya na ƙwarai, murɗawa da hannu a naɗe da salatif ba ya jure girgiza. Sabon fenti a jikin firam yana hana wayar ƙasa kamawa, sai an kankare wurin har ƙarfe ya fito. Kada a taɓa cire fiyus daga layin batir.

Lafiyayyen batir mai bolt 12 yana nuna kusan 12.6 a kashe, idan inji na aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Abin da ya haura haka alama ce na'urar daidaita caji ta lalace, kuma ƙaramin batirin litiyam da wasu ke sawa don ya ɓuya ba ya jure cajin da ya wuce ƙima. Idan ka sa sigina na LED suka riƙa ƙiftawa da sauri ko suka tsaya cak, filasha ce ke son a canja ta da irin tasu.

Zan iya sa tankin wani babur, ko in yi wa nawa walda?

Tankin wani babur zai zauna idan ramin ƙasansa ya hau bututun firam, kuma famfon mai ya kasance sama da kafireto, tunda gangarowa fetur ke yi. A ɗora shi a kan roba gaba da baya. Tsatsar ciki tana fita idan an jiƙa ta da ruwan binega na kwana ɗaya ko biyu, a ɗauraye, a busar nan take, a sa ƙaramar filtar mai a kan tiyo.

Walda a jikin tanki kuwa tana kashe mutane. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, domin tururin fetur ne ke fashewa. Wannan aikin na wanda ya saba da shi ne, bayan an wanke tankin sau da yawa. Wajen fenti kuma, na gwangwanin feshi yana narkewa da zarar fetur ya ɗiga a kai. Mai fentin mota yana da fenti mai haɗi biyu wanda ke jurewa, kuma shaƙar sa na cutar da huhu, don haka a bar masa ya fesa da abin rufe hanci na aikin.

In cire madigadi kamar yadda nake gani a hotuna?

Rage tsawonsa, kada ka cire. A tsofaffin babura da yawa ƙarfen madigadin gaba shi ke haɗa ƙafafun shokozoba biyu, idan babu shi gaba na rawa a kwana da lokacin birki. Tayoyi ma a tsaya kusa da awon kamfani, faffaɗar taya a kan siririn wili tana sauya siffa ta rage kamun ƙasa. Duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tsohuwar taya ko da zanenta bai cinye ba ta riga ta bushe.

Gudunsa zai ƙaru?

Kaɗan. CG125 na da ƙarfin doki kusan 11, gudunsa na tsayawa a wajen kilomita 100 a awa, kuma sauke ƙaho ba zai kai shi 160 ba. Abin da za ka ji shi ne sauƙin nauyi da saurin amsawa a kwana. Kuɗin da za ka kashe neman ƙarin gudu ya fi amfani a kan sababbin tayoyi, takalmin birki, sarƙa da sufaket, da hular kwano mai rufe haɓa.

Hukuma za ta bar ni in hau shi a titi?

Ka bar lambar shasi a fili, kada yanka ko fenti ya shafe ta. Fitilar gaba, ta birki, sigina, madubi, ham da lambar rajista duk su kasance suna nan suna aiki, akwai ƙananansu da ba sa ɓata siffa. Idan ka canja launi ko inji, je ofishin rajistar ababen hawa a gyara takarda. Wasu garuruwa na da dokar taƙaita hawan babur a wasu unguwanni ko wasu sa'o'i, sai ka bi ta garinku.

Wata nawa zai ɗauka, kuma nawa zan tanada?

Mai aiki da yamma da ranakun hutu ya sa ran watanni, idan kayan gyara na kusa. Farashi na sauyawa, don haka rubuta jerin duk abin da za ka saya, ka zaga kasuwa ka ji kuɗinsu, sannan ka ware wani abu a gefe don abin da za ka tarar bayan an buɗe inji. Fara kashewa a kan birki, taya da inji. Fenti da ɗinkin kujera su zo ƙarshe, bayan an haɗa babur gaba ɗaya ba fenti an gwada shi, domin walda ɗaya da aka manta tana ɓata fentin mako guda.

Na gama haɗawa. Me zan yi kafin hawan farko?

Bi kowane noti da sifana daga gaba zuwa baya, musamman na tayoyi, na birki, na ƙaho da na inji, ka ɗiga wa kowanne alamar fenti idan ka gama da shi. Notin tayar baya ya samu fil ɗinsa na kulle. Sarƙa ta yi sassauci kamar santimita 2 zuwa 3 a tsakiya, kana zaune a kai. Buɗe famfon mai ka jira minti biyar ka ga ko akwai ɗiga. Tura babur da hannu ka kama birkin gaba, sannan na baya.

Hawan farko a yi shi da safe a hanyar da babu cunkoso, da hular kwano da takalmi rufaffe, wani na biye da kai a wani babur. Kada ka wuce giya ta uku. Bayan kilomita biyar ka tsaya, ka duba ɗigar mai, ka kai hannu kusa da gangar birki ka ji ko ta yi zafi, ka leƙa ƙasan kujera ko taya ta goga. Idan ka dawo gida inji ya huce, sake bin notunan nan, ka maimaita haka bayan kilomita 100 na farko.